"Kowa Ya Samu Rana Sai Ya Yi Shanya": Shanyar Me, Kuma Don Wa?

Akwai wani karin maganar Turawan Ingila da ya zama ruwan dare a bakin 'yan bokonmu, musamman a wuraren walimar taya murna idan an naɗa wani kwamishina, ko darakta, ko shugaban wata hukuma. Bayan an ci an sha an yi addu'a, sai ka ga wani daga cikin aminan mai sabon muƙamin ya matso kusa da kunnensa yana murmushi, ya ce masa: make hay while the sun shines. Idan kuwa akwai wanda ba ya jin Turanci a wurin, nan take za a fassara masa da cewa ai "kowa ya samu rana sai ya yi shanya." Babu mai neman ƙarin bayani, domin kowa ya san inda zancen ya dosa, wato kujera ba ta dawwama, saboda haka ka tara abin da za ka iya tarawa tun kafin a ce ka tashi.

A matsayina na wanda nazarin harshe ne abincinsa, ina ganin an zalunci waɗannan karin magana guda biyu, na Turancin da na Hausar, an ɗora musu kayan da ba nasu ba. Ina kuma ganin manomin Dogon Daji, can cikin ƙasar Tambuwal a kudancin Jihar Sakkwato, wanda wataƙila bai taɓa jin wannan jimla ta Turanci ba, ya fi mu riƙe ainihin ma'anarta, mu da muka haddace ta don cin jarrabawa.

Bari mu fara da kalmomin kansu. Abin da Bature ke kira hay shi ne ciyawar da aka yanka tun tana ɗanya, aka busar, aka adana don dabbobi, wato abin da Bahaushe ke kira ingirici. Ma'anar jimlar a fili ita ce: yi ingiricinka tun rana tana fitowa. Tsohuwar magana ce ƙwarai, domin tana cikin tarin karin maganar da John Heywood ya buga a 1546, fiye da shekara 470 ke nan, kuma shi ma a bakin mutane ya tsince ta. A Ingila ta wancan zamani watannin Yuni da Yuli ne lokacin wannan aiki. Maza su bi fili da wani irin dogon lauje suna yanka, mata da yara su biyo baya suna bazawa, suna juyawa, har ta bushe, sa'an nan a tara a kai gida. Aikin yana son kwana uku ko fiye a jere ba tare da ruwan sama ba, abin da ke da wuyar samu a ƙasar da hadari kan haɗu a kowane wata na shekara. Idan ruwa ya daki ciyawar bayan an yanke ta, sai ta yi funfuna ta lalace. Idan kuma aka yi gaggawar tara ta da sauran danshi, takan ɗauki zafi daga ciki, wani lokaci har ta kama da wuta da kanta.

Me ya sa suka ɗauki abin da zafi haka? Saboda hunturunsu ba irin namu ba ne. Ciyawa takan daina tsiro wata da watanni, dabbobi su koma cikin ɗaki, ba su da abin ci sai abin da aka ajiye musu. Wanda bai tara ingirici isasshe ba, tilas ya yanka dabbobinsa cikin watan Nuwamba, ko ya zuba ido su mutu kafin ciyawa ta dawo. Muhimmancin aikin ya kai ga har wasu al'ummun Turai suka raɗa wa watan Yuli sunansa. Jamusawan da suna kiransa Heumonat, watan ingirici, mutanen Finlan kuwa har gobe heinäkuu suke ce masa, da wannan ma'ana ɗin.

To, a nan ne matsalar fassara take farawa. Ga mutumin Ingila rana baƙuwa ce mai wuyar gani, ruwan sama kuma shi ne mai ɓata shiri, shi ya sa idan zai ce a yi tanadi don ranar wahala, cewa yake yi a ajiye don ranar ruwan sama. Mu kuwa a ƙasar Sakkwato, inda ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, al'amarin a juye yake. Ruwa shi ne rahama, shi muke fita bayan gari mu roƙa idan ya yi jinkiri. Wanda ya wahala cewa muke yi ya sha rana, wanda ya samu gata ya shiga inuwa, wanda aka faranta wa rai ya ji sanyi, wanda kuma ya rasa mafita muna cewa rana zafi inuwa ƙuna. Saboda haka yaron da ya tashi a Kebbe ko Sanyinna, aka ce masa ya yi maza ya yi aiki tun rana ba ta ɓace ba, yana da hujja idan ya tambaya: ina za ta je?

Wannan ne ya sa karin maganar ya iso mana kamar ƙwarya ba fura. Mun karɓi kalmomin, hoton da ke cikinsu ya tsaya a can. Hukumomin jarrabawa irin su WAEC sun daɗe suna ba ɗalibai irin waɗannan maganganu su rubuta labarin da zai fito da ma'anarsu, malamai kuma su ba yara jerin karin maganar Turanci su haddace kamar karatun aku. Shekara da shekaru ina tambayar sababbin ɗalibai a jami'a ko mene ne hay, kaɗan ne ke iya faɗa. Hasali ma da yawa daga cikin masu Turanci a Nijeriya, har da manya masu digiri, ba hay suke cewa ba, haste suke cewa, wato gaggawa: make haste while the sun shines. Wannan sanannen abu ne ga masu nazarin harshe, idan mai magana ya ci karo da kalmar da bai sani ba a cikin jimla, yakan musanya ta da wadda ya sani mai kama da ita a kunne. Amma mai karatu ya dubi abin da aka yi hasara a wannan musaya. Da, akwai abin da ake yi, akwai amfanin da ake tarawa. Yanzu ya fita daga jimlar, sauri kawai ya rage. Ba zan ce wannan tuntuɓen harshe ne ya haifar da halinmu ba, amma dai ya yi kama da halin namu har abin ya ba ni tsoro.

Duk da haka akwai wani ɗan taƙi a shekararmu inda manomin Ingila da na ƙasar Hausa suke magana da murya ɗaya, shi ne lokacin kaka. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, idan ya iso wajejen Dogon Daji da Tambuwal, zai ga ƙunshi-ƙunshi na harawa an jera a kan rufin ɗakuna, da saman rumfuna, da tsakanin rassan itatuwa inda akuya ba ta kaiwa. Harawar wake da ta gyaɗa su ne ingiricinmu na gaske, kuma duk abin da aka faɗa game da ciyawar Ingila ya hau kansu daidai. Ba a yanke harawa da wuri, don kada a cuci waken da bai gama nuna ba. Ba a kuma barinta ta daɗe, domin da zarar iskar hunturu ta kaɗa, ganyen zai bushe a tsaye ya kakkaɓe, a bar mutum da tsirarun jijiyoyi, alhali ganyen ne abin da dabba ke so. Idan aka yanke aka baza, sai wani makararren ruwa ya sauko a kai, ta yi baƙi ke nan, darajarta ta faɗi. Idan aka bar ta a gona bayan an kwashe hatsi, ga gara, ga gobarar daji, ga garken shanu da ke jiran a ce an saki gonaki, kuma sau da yawa daga nan rigimar manomi da makiyayi ke tashi. Kwanakin da mutum yake da su ƙidayayyu ne, ga shi sun faɗo daidai lokacin da girbi da ɗaurin dawa da roron wake duk suke kiransa.

Manomin da ya jure ya yi wannan aiki ba ya ganin ladarsa a watan da ya yi shi. Sai bazara ta yi tsanani, daji ya zama fili fetal, shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, sa'an nan harawa take nuna ko ita wace ce. Da ita ake riƙe shanun huɗa su kai ga faɗuwar damina da ƙarfinsu. Da ita matan aure suke turka raguna a cikin gida don kasuwar layya, su riƙe jajayen awakin nan na Sakkwato da fatarsu ta yi suna har Turai. Wanda ya rage kuma a kai kasuwa a sayar da tsadar da ba a mafarkinta a lokacin kaka. Wato dai a cikin karin maganar nan akwai gumi, akwai wa'adi, sa'an nan abin da aka tara ba cikin mai tarawa yake shiga ba. Mutum ba ya cin ingirici. Abinci ne na waɗanda aka ba shi kiwo, don ranar da ba za su iya nema wa kansu ba. Ban san wata jimla da ta fi wannan dacewa a faɗa wa sabon shugaba ba, da a ce da ma'anarta ake faɗa masa.

Na Hausar ma haka yake idan aka tsaya aka dube shi. A ganina ba a rani aka haifi maganar samun rana ba, domin a rani ba a neman rana balle a same ta. Maganar marka ce, cikin watan Agusta, lokacin da akan yi kwanaki sama a rufe, tsaba ta yi sanyi, wanki ya ƙi bushewa, uwargida tana leƙen sama, da rana ta ɓullo sai ta fito da tabarma. Amma me take shanyawa? Geron da ta surfa ta wanke, ko kuɓewar da ta yanka, ko tufafin da ta sha wahalar wankewa. Rana ta Allah ce, kowa ya same ta kyauta, abin shanya kuwa sai wanda ya riga ya mallaka da guminsa. Ba a taɓa jin matar da ta ga rana ta fito, ta shiga rumbun maƙwabta ta ɗebo hatsi ta baza a tsakar gidanta, aka ce ta yi dabara ba. Sunanta daban ne a unguwa.

Yaya aka yi to maganar ta karkace? Akwai dalilai biyu na cikin harshe da nake hange. Na farko, kalmar rana a Hausa tana ɗauke da kaya da yawa: ita ce wadda ke fitowa daga gabas, ita ce yini, ita ce kuma zamanin mutum, kamar yadda muke cewa yau ranar wane ce, ko kowa da ranarsa. Saboda haka da an ce "samu rana", kunne kan tsallake ta sama ya faɗa kan ta mulki. Na biyu ya shafi ginin jimla. Ta Turancin umarni ce, tana cewa yi kaza, tana kuma ɗauke da kalmar da ke nuna wa'adi. Ta Hausar kuwa an gina ta a kan "kowa ya... sai ya...", ginin da ke iya zama shawara, yana kuma iya zama labarin abin da aka saba yi. Tsakanin "haka ya kamata a yi" da "ai haka kowa ke yi" taki ɗaya ne, kuma a wannan taki ne nasiha ta rikiɗe ta koma uzuri.

Na san abokan aikina za su ce: Malam, ba kai ne kake koya wa ɗalibai cewa ma'anar kalma tana wurin masu amfani da ita ba, kuma aikin masanin harshe ya bayyana yadda ake magana ne, ba ya zama ɗan doka ba? Haka ne, ban kuma janye ba. Su Turawan ma a yau sukan yanke jimlar su ce wane ya yi hay da wani abu, suna nufin ya ci gajiyar kuskuren abokin hamayyarsa, ka ga ko a gidansu ma'anar ta ɗan gusa. Sai dai karin magana ba kamar sauran kalmomi ba ne. Idan Bahaushe ya ce "masu iya magana sun ce", ya kira shaidu ne, ya jingina maganarsa da kakanni, shi ya sa ba a cika musu da karin magana ba. Wanda ya ɗauko shi ya lulluɓe ɓarna, ya ari rawanin magabata ne ya naɗa wa ɓarawo. Mun riga mun ga yadda goro da alheri da ihsani, kalmomi masu tsarki a al'adarmu, suka koma sunayen cin hanci a ofisoshi. Bayyana yadda hakan ta faru aikina ne, amma babu inda ilmin ya ce idan na bayyana sai na yi tafi.

Abin kuma bai tsaya a kan ɗaiɗaikun mutane ba, ƙasar baki ɗaya ta sha samun rana. Tsakanin 1973 da 1974 farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Don a yi adalci, an yi ɗan ingirici a wancan lokaci: Jami'ar Sakkwato da aka kafa a 1975, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da shirin ilmin firamare kyauta na 1976, da madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978, duk 'ya'yan wannan rana ne. Amma a cikinta ne kuma aka yi rabon kuɗin Udoji, aka yi odar simintin da ya sa ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas a 1975 ana biyansu kuɗin jira. Da hadari ya haɗu, farashi ya faɗi, sai ga gwamnatin Alhaji Shehu Shagari tana kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilun 1982, bayan shekara huɗu kuma aka shiga shirin SAP. An sake samun wata ranar, har aka buɗe asusun rarar kuɗin mai a 2004, wanda ya tara wajen dala biliyan 20 zuwa 2008. Aka yi ta ɗiba ana rabawa tun ana tsakar rana, ta yadda da farashi ya rufto daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, jihohi da dama suka kasa biyan albashi, tattalin arziki ya durƙushe. Ƙasar Nowe ta arewacin Turai, wadda ita ma mai take haƙowa, ta kafa nata asusun a 1990, ta fara zuba kuɗi a ciki a 1996, zuwa 2017 ya haura dala tiriliyan 1. Ba ma sai mun je Turai neman darasi ba. Kowane almajiri ya san shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba Sarkin Masar game da shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari, har da cewa a bar hatsin a cikin zangarniyarsa, kamar dai yadda manoman ƙasar Tambuwal suke zuba damman gero a rumbu ba tare da sun sussuke ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kason da jihohi da ƙananan hukumomi suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira, ko da yake faɗuwar darajar nairar ta cinye wani abu a ciki. Ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, aiwatarwa dai wani zance ne daban. Wannan ma rana ce, kuma talaka ne ya saye ta da tsadar mota da ta abinci. Kudancin Sakkwato kuwa ba baƙo ba ne ga rana: garin Shagari ya ba da shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta ba da Kakakin Majalisar Wakilai, Aminu Waziri Tambuwal, daga 2011 zuwa 2015, wanda ya zarce ya yi gwamna har 2023. Auna aikin kowannensu hakkin mutanen yankin ne, sun kuma fi ni sanin abin da ke ƙasa. Abin da nake cewa shi ne karin maganar nan ya ba su mudun awo, su da mutanen kowace ƙaramar hukuma a Arewa. Kada a tambayi gida nawa wane ya gina, ko mutum nawa ya kai Makka. A tambayi abin da ya ɗora a kan rufi wanda jama'a za su sauke su ci idan bazara ta zo.

Irin wannan ingirici ba boyayye ba ne. Taki ne da zai isa hannun manomi a watan Yuni, kafin noman farko, maimakon bikin ƙaddamarwa da akan yi a jihohinmu bayan gero ya fara fitar da kai. Rumbunan ajiyar albasa ne, don kada mai noman fadama ya sayar da ita a wulaƙance saboda tsoron ruɓewa. Burtali ne da mashaya da aka shata tun ana zaman lafiya. Tsaro ne da zai bar mutum ya je gonarsa a makon da aikin ke kiransa, domin manomin da 'yan bindiga suka hana fita mako uku a kaka ya yi hasarar shekara ce sukutum. Malaman firamare ne da aka horar, aka biya, waɗanda amfaninsu ba zai bayyana ba sai bayan wanda ya ɗauke su ya daɗe da sauka. Duk cikinsu babu mai kawo tafi a ranar da aka yi shi, shi ya sa ba su da farin jini wurin mai gaggawa.

Ga 'yan'uwana malaman Turanci, musamman na makarantun karkara, ku kuka fi kowa sa'a a wannan darasi, domin kayan koyarwarku suna rataye a kan itacen da ke bakin makaranta. Malamin da ke Dogon Daji ba ya bukatar hoton gonar Ingila. Ya fita da ɗalibansa a ƙarshen Oktoba, ya nuna musu ƙunshin harawa, ya tambaye su yaushe aka yanke ta, me zai faru da an ƙara mako biyu, wa kuma zai ci ta, sa'an nan ya rubuta musu jimlar a allo. Su kuma masu fassara a gidajen rediyo da jaridu, ina roƙonsu su riƙa duba abin da mai magana yake nufi kafin su ba shi aron shanya. Idan aiki a kan kari yake nufi, ga shanya nan, ga kuma "da zafi-zafi akan daki ƙarfe." Idan kuwa ɗaya abin yake nufi, Hausa ba ta rasa kalmominsa ba, akwai wawaso, akwai handama, akwai babakere, akwai rub-da-ciki, sai su zaɓi wadda ta yi daidai da girman abin da aka ɗiba.